Layi Ɗaya, Suna Shida: Tsawa ga Mutanen Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya sayi layin 0802 tun farkon zuwan wayar salula, kuma Allah ya bar shi da layinsa har yau, abin da ke aljihunsa ya sake suna sau biyar, kuma ko sau ɗaya ba a nemi jin ta bakinsa ba. Da sunan Econet ya saye shi. A 2004 aka wayi gari ana kiransa Vodacom, sunan da ko wata uku bai yi ba aka sauke shi aka ɗora Vmobile. A 2006 ya koma Celtel, a 2008 Zain, a 2010 Airtel. Lambar tana nan yadda take. Mai layin yana nan a Kutama ko a Durun, yana hawa tudun da ya saba hawa idan zai kira ɗansa da ke ci-rani a Legas. Aljihun da kuɗin katinsa ke faɗawa shi ne ya yi ta sauyawa, daga masu jarin gida zuwa Kuwait, daga Kuwait zuwa Indiya.

Kada wani ya ɗauka kamfanonin zan zaga. Ɗan kasuwa idan ya ga riba zai saya, idan ya ga wadda ta fi ta zai sayar, haka kasuwa ta gada. Da mu nake: masu kuɗinmu, 'yan bokonmu, wakilanmu, da samarinmu masu bin motar talla suna wawar riga da hula. Sama da shekara 20 ana cinikin dukiyar da guminmu ya gina, muna tsaye a bakin hanya muna kallo kamar bikin wani gari. Wannan sakaci ne, kuma ya kai a tsawatar.

Mu koma tushe. A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. Econet na Strive Masiyiwa ɗan Zimbabuwe ya samu, MTN ya samu. Masiyiwa ya kawo suna da sanin aiki, amma kasonsa a kamfanin Najeriya kashi 5 ne kacal cikin 100. Sauran kuɗin daga cikin gida aka tara su, kuma cikin waɗanda suka zuba har da gwamnatocin jihohi uku: Legas, Delta da Akwa Ibom. Kano, wadda muke yi wa kirari da cibiyar kasuwanci, wadda fatakenta suka san hanyar Gwanja da ta Tarabulus tun kafin Bature ya san bakin Kwara, ba ta cikinsu. Ba na rufe ido ga abin da ya biyo baya. Sayar da hannun jarin Delta a Vmobile yana cikin badaƙalar da ta kai tsohon gwamna James Ibori gidan yari a Landan a 2012. An yi sata a can, gaskiya ne. Amma sai da aka mallaki abu kafin ɓarawo ya sami abin ɗauka. Mu ko abin da za a sace mana ba mu ajiye ba.

Yanzu ku dubi yadda farashi ya riƙa hawa. A 2005 kamfanin MTC na Kuwait ya sayi Celtel, wanda Mo Ibrahim ɗan Sudan ya kafa, a kan dala biliyan 3.4. A 2006 Celtel ya sayi kashi 65 na Vmobile a kan kimanin dala biliyan 1. MTC ya sake wa kansa suna ya koma Zain, shi ya sa aka shafe jan fentin Celtel daga shagunanmu. A 2010 Zain ya tattara harkarsa ta ƙasashen Afirka 15, har da Najeriya da Nijar, ya sallama wa Bharti Airtel na Sunil Mittal ɗan Indiya a kan dala biliyan 10.7. Masu layi a waɗannan ƙasashe a lokacin kusan miliyan 42 ne. Ɗauki alƙalami ka raba: dala 250 da ɗoriya a kan kowane kai.

Na san a cikin kuɗin akwai lasisi, akwai injuna, akwai turakun sabis. Amma turken da babu mai kira a ƙarƙashinsa tarin ƙarfe ne, ɗan gwangwan kawai zai taya. Abin da mai saye ya ƙirga kafin ya ce ya saya shi ne mutane: mai shayin tashar Gwarzo, mai sayar da awara a Garo, manomin rani a bakin madatsar Guzu-Guzu, tsohuwar da ba ta iya karatu ba amma ta haddace lambar 'yarta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san yadda ake yi. Dillali na zagaya garke, yana duba haƙori, yana ƙirga kai, sannan a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Haka aka yi da mu, sau da sau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Me muka samu a kowane ciniki? Fenti. An zo da babbar mota da lasifika, an raba riguna da huluna, an ba mai sayar da kati sabuwar lema, an shafe bangon shagonsa da sabon launi. Yara suka bi motar da gudu har bayan gari. Ban taɓa jin an tara mutane a ƙofar fadar hakimi an tambayi baƙin nan ba: ku da kuka saye, ƙauye nawa za ku kai wa sabis a shekarar nan? Yaranmu nawa za ku ɗauka aikin da ya wuce gadi? Ba mu tambaya ba, su kuma ba su ga dalilin amsa tambayar da ba a yi ba.

Daga baya ciniki ya sauko har cikin gonakinmu. A 2014 manyan kamfanonin suka yanke shawarar cewa riƙon turaku nauyi ne, gara su sayar su koma haya. Airtel ya ƙulla cinikin turakunsa na Najeriya kusan 4,800 da American Tower, kamfanin da hedikwatarsa ke Boston ta Amurka, a kan sama da dala biliyan 1. MTN ya miƙa nasa kusan 9,000 ga IHS, Etisalat ma ya sayar wa IHS sama da 2,000. Ma'anar wannan a ƙasa ita ce, dogon ƙarfen nan da ke bayan gari mai jar fitila a kansa ba na kamfanin da sunansa ke kan wayarka ba ne. Wani ne mai turken, wani ɗan kwangila ne ke kawo man gas na janareta, wani kamfani ne ya ɗauki mai gadi. Idan sabis ya ɗauke, kowa yana da wanda zai nuna da yatsa. Shi kuwa dattijon da ya ba da hayar filin, na ga irinsa da idona: takardar yarjejeniya da Turanci tana naɗe a cikin leda a ƙasan akwati, ya dangwala mata hannu shekaru da dama da suka wuce, bai san shekara nawa ya bayar ba, bai san an sayar da turken ba, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. A gidansa akwai ɗa mai digiri. Ɗan bai taɓa cewa, "Baba, kawo takardar nan in karanta maka" ba. Wannan ɗan shi nake nufi idan na ce 'yan boko, kuma ina cikinsu.

Akwai daren da ba zan manta ba. Ina gida a ƙauyenmu, naƙuda ta zo wa matar ƙanena da gardama. Wayoyi huɗu ne a gidan, babu wadda ta nuna ko sanda ɗaya ta sabis, domin janaretan turken da ke kusa da mu ya kwana biyu a kashe. Sai da yaro ya hau babur cikin duhu ya je ya taso mai mota. Allah ya sa an sauka lafiya. Washegari muka yi ta Allah-wadai a dandali, muka sha shayi, muka watse. Babu ɗayanmu da ya rubuta koke. Ni ma ban rubuta ba, kuma har yau abin yana cina.

Kamfanonin da aka sayar suka rayu ke nan. Akwai waɗanda ciniki ya kashe. NITEL, dukiyar ƙasa da aka gina da kuɗin talakawa, an yi ta jifa da ita daga hannu zuwa hannu: an ba Pentascope riƙo a 2003, an sayar wa Transcorp kashi 51 a kan dala miliyan 500 a 2006, an ƙwace a 2009, daga ƙarshe aka sallama gawar ga NATCOM a kan dala miliyan 252. Telkom na Afirka ta Kudu ya kashe dala miliyan 410 wajen sayen Multi-Links, ya sayar da shi a kan dala miliyan 10 a 2011. Starcomms, wanda wayoyinsa suka cika shagunan Kano, ya ɓace. MTN ya haɗiye Visafone a 2016, kuma zangon iskar da Visafone ke riƙe da shi ne abin nema. Mutanen da suka sayi wayoyin waɗannan kamfanoni suka wayi gari da abin wasan yara a hannu, suka jefa a durowa, suka sayi wani layi, shi ke nan. Etisalat ya kasa biyan bashin dala biliyan 1.2 na bankuna 13, Larabawan Abu Dabi suka zare hannu a 2017, ya koma 9mobile, aka sake sayar da shi har sau biyu, a 2025 ya koma T2. Layin da ya taɓa tara sama da mutum miliyan 20 ya zube zuwa ƙasa da miliyan 4. Kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi akwai katin gayyata, allon shago ko abokin ciniki da ya tafi da tsohuwar lambarsa.

A nan zan juya ga masu kuɗinmu. Ranku ya daɗe, ba a taɓa rufe muku ƙofa ba. A 2007 kamfanin Alheri na rukunin Dangote ya sami lasisin 3G a kan dala miliyan 150. Lasisin yana hannun ɗan Kano, kuma a 2010 aka sayar wa Etisalat. Wannan lissafinsa ne na kasuwa, ya kuma zuba ƙarfinsa a siminti da sauran masana'antu da kowa ke gani. Tambayata ga sauran ce, ɗaruruwan alhazan da Allah ya buɗa wa a Kwari da Singa da Dawanau, waɗanda da yawansu 'ya'yan wannan yanki ne. Ku leƙa maƙwabta. A 2019 da kamfanin Orange na Faransa ya tashi barin Nijar, 'yan kasuwar da ke da ƙaramin kaso a cikinsa ne suka saye shi ɗungurungum, cikinsu har da mai motocin Rimbo, aka sa masa suna Zamani. Mutumin da aka sani da safarar fasinja tsakanin Yamai da Maraɗi da Agadas ya gane cewa muryar mutane ma kaya ce da ake ɗauka daga gari zuwa gari a biya kuɗin mota. Namu kuwa, da kuɗi sun taru sai fili, sai gidan mai na biyar a kan titi ɗaya, sai jerin shaguna, sai motocin kamfe. Hanyar Kano zuwa Gwarzo shaida ce. Ku ƙirga gidajen man da ke kanta, sannan ku nuna mini kamfani ɗaya na ɗan yankin da ke shimfiɗa wayar intanet ko yake girka wa turaku wutar sola.

Ku kuma dubi Masiyiwa. A kan kashi 5 ɗin nan da aka nemi share masa ya shafe shekaru yana shari'a, har Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna ta tabbatar masa da shi a 2012, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara tabbatarwa a 2014. Baƙo ya tsaya kai da fata a kan kashi 5. Mu da muke zuba kuɗin kullum safiya ba mu taɓa neman ko ɗigo ba.

Kada talaka ya ce wannan zancen manya ne. A Disambar 2021 MTN ya fito da hannun jari miliyan 575 ya tallata wa jama'a, kowane ɗaya naira 169, mafi ƙarancin abin da mutum zai saya guda 20. Naira 3,380 ke nan, kuma ta waya ake saye. Saurayin da ke zaune a bakin tasha yana kallon bidiyo ya fi haka ƙonawa a data kafin wata ya raba. A duk faɗin Najeriya mutum dubu 126 da ɗoriya ne suka saya, alhali masu layin kamfanin sun haura miliyan 60. Je ka dandali a Lakwaya ko a Gude ka tambaya ko akwai wanda ya ji labarin tallan ma. Wasu za su ce tsoron haram ne ya hana su. Tsoron Allah abu ne mai kyau, amma tsoron Allah tambaya yake sawa a yi. Tun 2012 kasuwar hannun jari ta Najeriya ke da jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar shari'a, wanda ake kira Lotus. Wa ya ɗauki jerin ya kai wa malaminsa ya nemi fatawa? Mutumin da bai yi bincike ba, bai tambaya ba, kada ya laƙaba wa addini lalacinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan yanki bai rasa manya ba. Munir Gwarzo ya shugabanci hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta ƙasa, SEC, daga 2015 zuwa 2017. Sanata Barau Jibrin ɗan Kabo ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023. Gwarzo ta fitar da mataimakan gwamna biyu. Farfesa Umar Garba Dambatta, ɗan jiharmu, ya riƙe NCC shekara 8, daga 2015 zuwa 2023. Gwarzo da Kabo kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, ƙuri'arsu a haɗe take. Amma idan muka sami ganin babban mutum, me muke kai masa? Kuɗin suna, kuɗin magani, kujerar Makka, babur. Ban ce waɗannan ba buƙatu ba ne. Sai dai babba abin da aka ɗora masa a faifai shi yake gani, kuma ba mu taɓa ɗora masa wannan ba.

Alhali doka tana gefenmu. Dokar sadarwa ta 2003 ta ce lasisi ba ya sauya hannu sai da amincewar NCC. Dokar nan ce kuma ta kafa asusu na musamman, USPF, don kai sabis ƙauyukan da kamfanoni ke ganin babu riba a cikinsu. Tun 2019 akwai hukumar FCCPC da ke duba haɗewar kamfanoni da kare mai saye. Ranar da mai saye ke neman sa hannun hukuma, ranar ce wuyansa ke hannu, ranar ce za a iya gindaya masa sharaɗi a kan karkara. Tun ran gini ran zane. Wanda ya yi shiru a ranar, kukansa na baya ba ya tayar da janareta. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Mun biya, har da ƙauyukan da sai an fita bayan gari ake samun sanda ɗaya. Mai POS a kasuwar Getso yana ɗaga na'urarsa sama kamar mai roƙon ruwa, mai saye da mai sayarwa suna tsaye, an cire kuɗi a can ba su iso nan ba, ciniki ya lalace, wani lokaci har zumunci. Mun iya zagin kamfani a majalisa. Lambar 622, wadda NCC ta ware kyauta don karɓar koke, mutum nawa ne cikinmu suka taɓa danna ta?

Sai kuma ɓarnar da muke yi da hannunmu, wadda kunya ke hana a faɗa. Man gas ɗin da ake zuƙewa daga tankin janareta da dare, da baturan da ake ɓalle ƙofa a kwashe, ba aljanu ke ɗauka ba. Akwai mai saye, kuma a garin ake saninsa. Yaron da ya saci batirin turke ya sayar, ya sani cewa wayar mahaifiyarsa ya kashe, ya kuma ba kamfani hujjar da zai kafa gobe ya ce yankin ba ya kafuwa. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Mai unguwar da ya san ɓarawon ya rufa masa asiri saboda ɗan gidan wane ne, shi ma yana da kaso a alhakin duk matar da aka rasa yadda za a kira mata mota.

Ciniki bai ƙare ba. A 2021 Airtel ya yanki wani ɓangare na harkarsa ta tura kuɗi ta waya ya sayar wa Mastercard da asusun zuba jarin Ƙatar da wasu. A 2022 MoMo na MTN da SmartCash na Airtel suka fara aiki a Najeriya da lasisin banki. A da muryarmu ake saye da sayarwa, yanzu an kai ga ajiyarmu, kuɗin gyaɗa da na masara da na adashen mata. Wanda ya yi barci a cinikin farko ya yi asarar riba. Wanda ya yi barci a wannan, lalitarsa ce a faifai.

Don haka ina kira da babbar murya. Ƙungiyoyin ci gaban Gwarzo da na Kabo, da ɗaliban makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo, ku bi mazaɓu 20 na ƙananan hukumomin nan biyu, ku rubuta sunan kowane ƙauye da babu sabis da kowane turke da ke kwana a kashe, ku sa hannu, ku kai wa ɗan majalisarmu da NCC, ku riƙe kwafi. Mai ilimin da mahaifinsa ko kawunsa ya ba da hayar fili, ka karɓi takardar a daren yau ka karanta masa da Hausa, layi bayan layi. Alhazai, ku zauna ku goma ku haɗa jari. Malamai, ku nemi sanin yadda hannun jari yake ku faɗa wa mutane halas da haram dalla-dalla. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, duk ranar da sabis ya ɗauke a garinku, ka rubuta ranar da sa'ar, ka kai kuka ga kamfaninka, idan ya share ka ka kira 622.